Darasi na 14: Maki da Hali, Ɗaliban Ajin Ƙarshe na Sakandare a Pazhou

Pazhou wani tsibiri ne a cikin kogin Zhujiang, wato kogin Lu'ulu'u, a gundumar Haizhu ta birnin Guangzhou, hedkwatar lardin Guangdong da ke kudancin ƙasar Sin. Fataken ƙasar Hausa da dama sun san sunan wannan wuri, domin a nan ne ake yin babban bikin baje kolin nan na Canton Fair sau biyu a kowace shekara, ɗaya ya fara a watan Afrilu, ɗaya kuma a watan Oktoba. An fara bikin a shekarar 1957, amma sai a shekarar 2008 aka mayar da shi kacokan zuwa Pazhou.

Baƙon da ya ɗaga kai daga rumfunan baje kolin zai iya hango wata tsohuwar hasumiya mai kusurwa takwas a kan tudu. An fara gina ta a shekarar 1597, aka gama a 1600, a zamanin daular Ming. Matuƙan jiragen ruwa sun daɗe suna amfani da ita a matsayin alamar isowa Guangzhou. Ana kuma ba da labari cewa manyan garin sun gina ta ne don ta tare sa'ar birnin kada kogi ya tafi da ita, ko 'ya'yansu sa riƙa cin jarrabawar sarki, wadda ta hanyarta ake samun muƙami a fada. An soke waccan jarrabawa a shekarar 1905, amma darajar jarrabawa a zukatan Sinawa tana nan daram. Wannan darasi zai duba rayuwar ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a wannan yanki, da tambayar da ke damun iyaye da malamai da hukuma: shin maki kaɗai ya isa a auna yaro, ko kuwa halinsa da ayyukan da yake yi bayan an tashi daga aji su ma suna da nauyi?

Shekarar ƙarshe

Yaro a ƙasar Sin yana yin shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku kuma a babbar sakandare. Shekaru tara na farko tilas ne bisa dokar da aka kafa a 1986. Ajin ƙarshe na babbar sakandare shi ake kira gaosan da Sinanci, kuma kusan duk shekarar a kan abu ɗaya take ƙarewa, wato shirin jarrabawar neman shiga jami'a, wadda ake kira gaokao. An fara wannan jarrabawa a 1952, aka dakatar da ita a 1966, sannan aka dawo da ita a 1977. Tun daga shekarar 2003 galibi a watan Yuni ake yin ta. A shekarar 2024 mutum miliyan 13 da dubu 420 ne suka yi rajista a duk faɗin ƙasar, fiye da dubu 700 daga cikinsu kuwa daga lardin Guangdong suka fito.

A wannan lardi ana rubuta jarrabawar daga ranar 7 zuwa 9 ga Yuni, bisa tsarin da aka fara aiki da shi a 2021. Kowane ɗalibi zai rubuta Sinanci da lissafi da harshen waje, kowanne maki 150. Sai ya zaɓi ɗaya tsakanin fiziks da tarihi, sannan ya ƙara biyu daga cikin kemistiri da ilmin halittu da labarin ƙasa da ilmin siyasa, kowanne maki 100. Jimla maki 750 ke nan. Tun a watan Maris ake yi wa masu Ingilishi gwajin saurare da magana a gaban kwamfuta, kuma ana haɗa abin da suka samu cikin makin darasin. Tazarar maki ɗaya tak tana iya sa ɗaruruwan mutane su shiga gaban ɗalibi, ta raba shi da jami'ar da ya daɗe yana mafarki.

Saboda haka ranar ɗan ajin ƙarshe doguwa ce. Yakan shiga aji tun da sassafe, ya yi darussa har yamma, bayan cin abinci kuma ya koma karatun dare a ƙarƙashin kulawar malami. A bangon aji akan rataya allo mai nuna kwanakin da suka rage. Idan saura kwana ɗari, makarantu da yawa sukan tara ɗalibai a fili su yi alkawarin dagewa da babbar murya. Ana gab da jarrabawa kuma, ƙannensu na ƙananan azuzuwa sukan taru a gindin benen da ajin ƙarshe yake, suna waƙa suna kiran yayyensu da kalmomin ƙarfafa zuciya. Ranar jarrabawa iyaye sukan yi cincirindo a ƙofar makaranta, wasu mata sanye da doguwar rigar gargajiya da ake kira qipao, domin sunanta ya yi kama da farkon wata magana ta fatan nasara. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Yadda makaranta ke kallon hali

Duk da wannan matsi, makarantun ƙasar Sin ba su taɓa cewa hali ba kome ba ne. Kowane aji yana da malami guda mai kula da shi, wanda yakan san ɗalibansa ciki da bai: wane ne mai kunya, wane ne mai surutu, wa ke fushi da wuri, wa ke raba faɗa. A ƙarshen zango shi ne yake rubuta ɗan taƙaitaccen bayani a kan halin kowa. A cikin aji ana zaɓen monita, da masu kula da tsabta da wasanni da tattara aikin gida na kowane darasi. Tun shekarun 1950 ake ba da lambar yabo ta ɗalibi mai kyau uku, wato kyan hali da kyan karatu da kyan lafiyar jiki.

Su ma ɗalibai suna da nasu ma'aunin. Wanda ya yi fice a karatu suna kiransa xueba, kamar a ce sarkin karatu. A shekarar 2023 wani gwajin ɗabi'a da ya samo asali daga Amurka, mai suna MBTI, ya bazu ƙwarai a tsakanin matasan ƙasar, har ya zama idan biyu sun haɗu sai ɗaya ya tambayi ɗaya ko shi mutumin i ne, wato mai son kaɗaici, ko mutumin e, wato mai son shiga jama'a. Masana halayyar ɗan Adam da yawa ba su ɗauki gwajin a matsayin ma'auni mai ƙarfi ba, amma yaɗuwarsa ta nuna cewa matasan suna neman hanyar bayyana kansu da ta wuce lambar da ke kan takardar sakamako.

A shekarar 1999 gwamnati ta fitar da ƙuduri a kan abin da ta kira ilmin gina mutum, domin a rage karatun da ba shi da wata manufa sai cin jarrabawa. Babban mataki ya zo a 2014, lokacin da majalisar gudanarwar ƙasar ta sanar da gyaran tsarin shiga jami'a. Sabon tsarin ya ce jami'a za ta dogara da abu biyu, wato makin gaokao da sakamakon jarrabawar kammala sakandare, sannan ta duba abu na uku, wato kundin halin ɗalibi. A watan Disamba na wannan shekara ma'aikatar ilmi ta bayyana fannoni biyar da kundin zai ƙunsa: ɗabi'a da tarbiyya, ƙwazon karatu, lafiyar jiki da ta zuciya, fasaha, da kuma aiki a cikin al'umma.

Yadda ake haɗa kundin abin lura ne. Ba a yarda malami ya zauna ya ba da maki a kan kirki kawai ba. Ɗalibi ne zai riƙa rubuta abin da ya aikata, da rana da wuri da shaida. A ƙarshen zango ya zaɓi muhimmai daga ciki, a kafa su a fili inda 'yan ajinsu za su gani, malamai su tantance, sannan a shigar da su kundi. Hikimar ita ce, hali abu ne da ba a ganinsa sai a aikace, kuma ƙarya tana da wuyar tsayawa a gaban waɗanda aka yi shekara uku ana zama kujera ɗaya da su.

Ayyukan bayan aji

Da me ɗalibi zai cika wannan kundi? Manyan makarantun Guangzhou suna da ƙungiyoyi iri-iri: ta muhawara, ta mawaƙa, ta wasan kwaikwayo, ta rediyon makaranta, ta ƙera mutum-mutumin inji, da wadda ɗalibai ke kwaikwayon zaman Majalisar Ɗinkin Duniya, kowa ya wakilci wata ƙasa. Akwai kuma abubuwan da wannan lardi ya shahara da su. Ɗaya shi ne rawar zaki, inda mutum biyu ke shiga cikin rigar zaki, ɗaya ya riƙe kai, ɗaya ya zama gindi, suna tsalle bisa kiɗan ganga. Wani kuma shi ne wasan kwaikwayon gargajiya na Guangdong, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun gado na duniya a 2009. A ƙauyukan bakin kogi kuwa, har da na tsibirin Pazhou, tseren kwale-kwale na bikin Duanwu tsohuwar al'ada ce. Bikin yakan faɗo kusa da lokacin jarrabawa, a 2019 ma ya zo daidai da ranar farko, 7 ga Yuni. Ana kiɗa a kogi, 'yan ajin ƙarshe suna cikin zaure suna rubutu.

Manhajar babbar sakandare da aka yi wa gyara a 2020 ta wajabta wa kowane ɗalibi aikin sa kai na aƙalla awa 40 a cikin shekara uku, a wajen lokacin darasi. Wasu sukan je gidajen tsofaffi, wasu su yi aiki a laburare ko gidan tarihi, wasu su taya share unguwa. Malamai sukan lura cewa a irin waɗannan wurare ne ake gane yaro. Mai shiru a aji yana iya zama shi ne tsofaffi suka fi sakewa da shi, sarkin karatu kuma ya kasa haɗa kan mutum biyar su ɗauki tebur ɗaya. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Amma yawancin waɗannan ayyuka a aji ɗaya da aji biyu ake yin su. Da zarar an shiga ajin ƙarshe, shugaban ƙungiya yakan miƙa ragama ga na baya, mai goge ya ajiye gogensa, ɗan ƙwallo ya rage fita fili. Dalili kuwa a fili yake: a wajen ɗaukar mafi yawan ɗalibai, kwamfuta ce ke jera sunaye bisa maki, daga sama zuwa ƙasa, har guraben karatu su cika. Kundin hali abin dubawa ne kurum, ba ya ƙara ko maki ɗaya.

Akwai 'yan ƙofofi inda abin ya bambanta. Tun daga 2012 Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kudu da ke birnin Shenzhen take ɗaukar ɗalibai bisa tsarin da ake kira 631: kashi 60 cikin ɗari daga gaokao, kashi 30 daga gwajin da jami'ar ke shiryawa da kanta, har da ganawa baki da baki, kashi 10 kuma daga sakamakon sakandare. A 2020 an ɓullo da wani shiri na ɗaukar haziƙai a fannonin ilmi na tushe, kamar lissafi da fiziks da tarihi, a jami'o'i 36, ciki har da Jami'ar Sun Yat-sen, wadda tsohuwar harabarta take a gundumar Haizhu. A wannan shiri ma ana duba kundi, ana kuma ganawa da ɗalibi, amma dokar shirin ta ce makin gaokao ba zai gaza kashi 85 cikin ɗari ba.

Batun adalci

Me ya hana a ba hali da ayyuka nauyi mai yawa, tun da kowa ya yarda suna da muhimmanci? Amsar ita ce tsoron rashin adalci. A da ana ƙara wa ɗalibi maki idan ya yi fice a wasanni ko ya ci gasar kimiyya. Sai aka riƙa kama takardun shaida na jabu, inda yaron da bai taɓa yin gudu ba ya zama zakaran tsere a kan takarda. Daga shekarar 2015 aka fara soke irin wannan ƙarin maki a duk ƙasar.

Ko da babu maguɗi, akwai wata matsala. Yaron da ke zaune kusa da Pazhou yana da jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa a ƙofar gida, da gidajen tarihi, da ofisoshin manyan kamfanoni irin su Alibaba da Tencent, wataƙila ma mahaifinsa a can yake aiki. Yaron da ke ƙauye a duwatsun arewacin lardin kuwa, aikinsa na bayan aji shi ne taya kakarsa noma da renon ƙanne, domin iyayensa sun tafi ci-rani a masana'antu. Wannan ma aiki ne mai gina hali, amma ba shi da takardar shaida mai hatimi. Idan aka ce kundi ne zai raba gardama, wa zai ci riba? Iyaye talakawa da yawa sun fi amincewa da maki, domin takardar jarrabawa ba ta san ɗan wane ba. A Amurka, inda manyan jami'o'i ke duba ayyukan ɗalibi da wasiƙar da ya rubuta a kan kansa, an daɗe ana irin wannan muhawara, kuma a manyan biranen Sin akwai kamfanonin da ke karɓar kuɗi su tsara wa masu son karatu a waje ayyukan da za su burge jami'a.

Kwatanci da ƙasar Hausa

Mai koyon Hausa zai ga cewa wannan batu ba baƙo ba ne a Nijeriya. Ɗan ajin ƙarshe a Kano ko Katsina yana fuskantar jarrabawar hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952, ko ta NECO, sannan ta JAMB, wadda ta fara aiki a 1978. A makarantarsu akwai ƙungiyar muhawara da ta wasan kwaikwayo da ta matasa masu sha'awar kimiyya, akwai kuma shugabannin ɗalibai. A takardar sakamakon zango akwai gurbin da malami ke nuna zuwa da wuri da tsabta da ladabi. Idan ya gama, shugaban makaranta zai ba shi takardar shaidar hali. Duk da haka, a ƙofar jami'a maki ne ke magana da babbar murya.

Hausawa suna da tsohon ma'auninsu. A wata lacca da aka buga a 1974, masanin nan ɗan Ingila A. H. M. Kirk-Greene ya yi nazarin abin da ake nufi da mutumin kirki, ya kawo siffofi irin su gaskiya da amana da haƙuri da kunya da ladabi da karamci. Babu ɗaya daga cikinsu da ake rubutawa a zauren jarrabawa, amma da su ake ba mutum aure, da su ake ba shi bashi a kasuwa. Bafataken da ya zo Pazhou daga Kantin Kwari ya san haka. Matasan da ke yi masa tafinta a rumfunan baje koli, galibinsu ɗaliban jami'a ne da suka tsallake gaokao shekara biyu ko uku da suka wuce. Ba ya tambayarsu maki nawa suka ci. Abin da yake dubawa shi ne wanda zai jure dogon ciniki ba tare da ɓata fuska ba, ya faɗa masa gaskiyar farashi, ya kuma zo a lokacin da aka yi alkawari. Maki ne ya buɗe wa yaron ƙofar jami'a, amma hali ne zai sa a sake nemansa baɗi.

Ma'anar kalmomi

kacokan: gaba ɗaya, ba tare da an bar kome ba
daram: a tsaye da ƙarfi, ba canji
tazara: nisan da ke tsakanin abu biyu
cincirindo: taron mutane masu yawa a wuri ɗaya
ciki da bai: sosai, ta kowace fuska
kundi: tarin takardu da aka haɗa wuri ɗaya don ajiya
tantance: bincika abu don a tabbatar da ingancinsa
aikin sa kai: aikin da mutum ke yi ba don a biya shi ba
miƙa ragama: ba wani shugabanci
jabu: abin da ba na gaskiya ba ne
maguɗi: ha'inci a jarrabawa ko zaɓe ko ciniki
ci-rani: tafiya wani gari neman kuɗi na wani lokaci
tafinta: mai juya magana daga wani harshe zuwa wani

Tambayoyi

1. A ina Pazhou yake, kuma me ya sa fataken ƙasar Hausa suka san shi?
2. Bayyana yadda ake samun maki 750 a jarrabawar lardin Guangdong.
3. Waɗanne fannoni biyar ne kundin halin ɗalibi ya ƙunsa?
4. Don me ake kafa bayanan ɗalibi a fili kafin a shigar da su kundi?
5. Me ya sa ɗalibai ke barin ƙungiyoyinsu idan sun shiga ajin ƙarshe?
6. Kawo dalilai biyu da suka sa wasu iyaye suka fi amincewa da maki.

Aiki

1. Yi amfani da kowanne daga cikin waɗannan a jimla: duk da haka, da zarar, ko da, tun da, har da.
2. Bayyana ma'anar karin magana biyu da suka zo a cikin darasin, sannan ka kawo wani mai kama da su daga harshenku.
3. A ce kai ne malamin aji. Rubuta wa ɗalibinka takardar shaidar hali da ba ta wuce jimla takwas ba, ka ambaci abin da ya aikata, ba siffofinsa kawai ba.
4. Ku rabu gida biyu ku yi muhawara a kan wannan batu: ya kamata jami'a ta duba hali kamar yadda take duba maki.